Ga katin inshora a hannu, amma an ce a sayo magani a waje: ina kuɗin ke maƙalewa?

Ranar wata Litinin na raka baffana asibiti. Malamin makarantar sakandare ne a ƙarƙashin gwamnatin jiha, ya haura shekara hamsin, yana fama da hawan jini, daga baya kuma suga ya biyo. Tun bayan asuba muka fita don mu riga layi. Aka ciro fayil ɗinsa, aka auna jini, likita ya saurare shi da kyau, ya rubuta magani huɗu. Muka je tagar da ake ba masu inshora magani. Yarinyar da ke ciki ta duba takardar, ta ja layi a ƙarƙashin biyu, ta ce, "Baba, waɗannan biyun ne kawai muke da su. Na hawan jinin da na sugan sai dai a duba a waje." Baffa ya yi shiru, sannan ya ce, "'Yata, ai su ne suka kawo ni. Kuma duk wata sai an cira a albashina." Ta ce, "Ka yi haƙuri Baba, wallahi ba su zo ba."

Ba ta yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba. Wanda duk ke da katin inshorar lafiya a Najeriya, na tarayya ne ko na jiha, ya san wannan tagar. Da yawa kan tsaya a kan cewa an cinye kuɗin, kuma ba na musun akwai inda ake ci. Sai dai ko da kowa ya riƙe amana, yadda aka tsara tafiyar kuɗin da yadda farashin magani ya yi tashin gwauron zabo sun isa su haifar da abin da muka tarar.

Shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, an kafa dokarsa a 1999, amma sai a 2005 ya fara aiki, da ma'aikatan gwamnatin tarayya. A takarda, mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100 na ainihin albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, kati ya rufe shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Tun daga nan iyalai da yawa na arewa suka ga gibi, don mai mata biyu da 'ya'ya tara dole ya zaɓi wanda zai shiga ko ya ƙara kuɗi. A watan Mayun 2022 aka sanya hannu kan sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, inshora ta zama wajibi a kan kowa. Jihohi kuma suka kafa nasu hukumomin. Kano ta yi dokarta a 2016, akwai irinta a Kaduna da Katsina da Jigawa da Sakkwato da sauransu, kuma yawancin jihohin arewa sun zaɓi sunan taimakekeniya don kauce wa shakkun da wasu malamai ke da shi a kan kalmar inshora. Hukumar NHIA ta ce masu rajista sun tashi daga miliyan 16.7 a 2023 zuwa miliyan 19.2 a ƙarshen 2024, kuma gwamnati na harin miliyan 44 nan da 2030. A ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wannan bai kai ɗaya cikin goma ba. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fita kai tsaye.

Maganarmu a nan kan wannan 'yan kaɗan ɗin ne da suka samu shiga. Abin da asusu ke kashewa a kansu yana rataye ne a kan abu uku: sau nawa suke zuwa asibiti, me ake rubuta musu idan sun zo, da nawa abin da aka rubuta yake ci.

Na farkon ba shi da wuyar ganewa. Mutumin da da sai ciwo ya kwantar da shi kafin ya nufi asibiti, idan ya samu kati zai je tun yana kan ƙafarsa. An gwada wannan a Amurka tsakanin shekarun 1970 da farkon 1980, a gwajin da cibiyar bincike ta RAND ta yi: kuɗin jinyar da masu biyan kaso mai tsoka suka ci ya gaza na waɗanda aka ɗauke wa biyan komai da kusan kashi 30 cikin 100. Abin lura shi ne masu biya daga aljihu sun rage zuwa asibiti a kan abin da ba dole ba da wanda yake dole baki ɗaya, don marar lafiya ba likita ba ne da zai bambance. Talakawa masu hawan jini su ne suka fi amfana da kulawar kyauta. Kusa da mu, Gana ta kafa nata shirin da dokar 2003, tana ɗaukar nauyinsa da harajin kashi 2.5 a kan kayayyaki, shi ya sa har mazauna zango a Kumasi da Akara da ba su da aikin gwamnati suka iya yin kati. Zuwan masu kati asibiti a can ya tashi daga ƙasa da miliyan ɗaya a 2005 zuwa sama da miliyan 25 a 2011. Mafi yawan wannan tashin saboda ƙaruwar masu rajista ne, amma kowane mai kati ma ya ƙara yawan zuwa.

Ni ban ɗauki wannan a matsayin ɓarna ba. Mace mai ciki ta je awo sau shida maimakon sau ɗaya, ai don haka aka kafa shirin. Abin da ke jijjiga asusu shi ne su wane ne ke zuwa. Ma'aikatan gwamnati masu shekaru ne, kuma kusan ɗaya cikin uku na manya a Najeriya na da hawan jini. Zazzaɓin cizon sauro yakan zo da damina ya wuce, maganin kwana uku ne. Hawan jini da suga da asma da sikila kuwa kowane wata ne, har ƙarshen rayuwa. A shirye-shiryen da mutum ke shiga don kansa, wanda ya san yana da ciwo ko matarsa na da ciki shi ya fi saurin yin rajista, mai lafiya ya ce sai an kwana biyu. Sai asusu ya cika da masu ɗiba, masu zubawa ba tare da ɗiba ba su yi kaɗan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato abu na uku, maganar kuɗi. Asibitin da ka zaɓa a matsayin na farko ba a biyansa bisa abin da ya yi maka. Ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi ne a kan kowane kai da ke cikin rajistarsa duk wata, ko mutum ya zo ko bai zo ba. A cikin wannan kuɗin-kai zai duba ka, ya yi ƙananan gwaje-gwaje, ya ba ka magani, kai kuma ka biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin. A shirin tarayya kuɗin yana biyowa ne ta hannun kamfanonin da ke tsakani, waɗanda ake kira HMO. Idan ciwon ya wuce matakin farko, kamar tiyata ko ganin ƙwararre, sai asibiti ya nemi lambar izini daga kamfanin, a biya shi daga baya gwargwadon aikin da ya yi, bisa farashin da hukuma ta yanke.

Hikimar kuɗin-kai ita ce asibiti ba zai ci riba da yawaita gwaji da magani ba, ribarsa tana cikin mutanensa su zauna lafiya. Amma hikimar tana aiki ne kawai idan kuɗin ya kai. An fara da naira 550 a kan kowane kai, aka mayar da shi 750 a 2012, daga nan ya tsaya cak shekara goma sha biyu. A 2012 dala tana wajen naira 160, wato 750 ta kusa dala biyar. Bayan an saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, wannan 750 ɗin ta koma rabin dala. Alhali kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a ƙasar daga waje ake shigo da su, na gida ma yawancin sinadaransu daga Indiya da Sin suke zuwa, da dala ake sayo su. A watan Agustan 2023 kamfanin magani na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya, Sanofi ya biyo baya a watan Nuwamba. Masu asma ba za su manta yadda Ventolin ya yi wuya da tsada ba, haka farashin Augmentin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ninka sau da yawa.

Ka ɗauka kai ne mai ƙaramin asibiti, da mutum dubu a rajista. A tsohon farashi, naira 750,000 ke shigo maka a wata, idan ma ta zo a kan lokaci. A ce hamsin kawai daga cikinsu na karɓar maganin hawan jini ko suga duk wata, ga masu zazzaɓi, ga masu awo, ga albashin ma'aikata, ga man janareta. Me za ka yi? Wani ya ajiye magunguna masu arha kawai, ya ce sauran sun ƙare. Wani ya ba da na mako biyu maimakon na wata. Wani ya tura marar lafiya mataki na gaba ba don ciwon ya kai ba, sai don a can ana biya gwargwadon aiki. Wani ya ware wa masu kati layi daban, mai kuɗi a hannu ya riga su ganin likita. Kamfanin da ke tsakani shi ma yana da nasa lissafin, duk lambar izinin da ya jinkirta kuɗi ne ya zauna a hannunsa. A littafin hukuma kashe kuɗi bai tashi sosai ba. Tashin ya koma kemis ɗin da ke bakin ƙofar asibiti, inda babu mai rubuta shi a ko'ina. Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da duk wani alƙalami da ke cewa ga abin da aka kashe a kan mai inshora a shekara, don rabin labarin kawai yake bayarwa.

Hukumar NHIA ta motsa, kuma ya kamata a faɗa. A tsakiyar 2024 ta yi ƙarin wucin gadi na kashi 60 cikin 100 a kuɗin-kai da kashi 40 a kuɗin aiki. Daga watan Afrilun 2025 ƙarin ya kai kashi 93 a kuɗin-kai da kashi 378 a kuɗin aiki idan aka kwatanta da tsohon farashi, wato kuɗin-kai ya koma wajen naira 1,450. Ta kuma umarci kamfanonin HMO su ba da lambar izini cikin awa ɗaya, sannan ta sanar da hukunta asibitoci 49 da kamfanoni 47 kan ƙorafe-ƙorafen 2024. Gwamnati ta cire haraji kan kayan haɗa magani a watan Yunin 2024. Duk da haka, a lokacin da aka yi ƙarin a 2025, naira 1,450 ba ta kai dala ɗaya ba, ko kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da 750 ke da shi a 2012 ba ta kai ba idan da dala aka auna. Jihohi kuma kowace da nata farashin, kuma ba duka suka bi sahu ba. Sannan akwai wani abu da ya kamata a sa wa ido: da aka ninka kuɗin aiki kusan sau biyar amma kuɗin-kai bai cika ninki biyu ba, an ƙara wa asibiti sha'awar tura mutane mataki na gaba. Ban ce ƙarin kuskure ba ne, tsohon farashin tiyata ya yi ƙasa ƙwarai. Amma duk inda aka fi zuba ruwa, can ciyawa za ta fi tsiro.

Saura abu na biyu, wato abin da ake rubutawa, kuma a nan kowa na da hannu, har da mu marasa lafiya. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi ya nuna takardar likita a matakin farko ta ƙunshi magani ƙasa da biyu a matsakaici, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu zuwa ya kamata su fita da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wata bita da aka wallafa a 2016 ta tattara binciken ƙasashen Afirka ta gano matsakaicin ya kai magani uku, kuma kusan rabin masu zuwa ana rubuta musu antibayotik. Wanda ya saba zuwa asibitocinmu ba zai yi mamaki ba. Mutum ya zo da zazzaɓi, ya fita da maganin maleriya, da antibayotik, da farasitamol, da maganin ƙarin jini, da bitamin. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, amma har yau ana bayarwa ko gwaji ya nuna babu. "Maleriya da taifot" kuwa sun zama tagwaye a bakin kowa, alhali gwajin Widal da ake dogara da shi yana yawan nuna akwai taifot ga mutumin da ba shi da shi.

Mu ma muna matsa wa likita. Tsohuwa za ta ce, "Likita, a yi mini allura, ƙwaya ba ta yi mini." Wani ba ya yarda an duba shi sai an ɗaura masa ƙarin ruwa. Mai kati kuma yana da ƙarin dalili: an cire masa kuɗi, yana son ya ga ya fita da leda cike. Likitan da ke da mutum sittin a layi ba shi da minti goman da zai yi bayanin cewa mura ba ta jin antibayotik, rubutawa ta fi masa sauri. Kowane ƙarin magani marar amfani daga tukunya ɗaya yake fita da amlodifin, maganin hawan jinin baffa. Ɓarnar ba ta tsaya a kuɗi ba, don ƙwayoyin cuta na sabawa da magungunan da ake sha ba bisa ƙa'ida ba, ranar da ake buƙatarsu da gaske sai a tarar ba sa ci.

Akwai kuma rikicin suna. Jerin magungunan inshora an gina shi ne a kan sunan sinadari, kamar metformin ko amoksisilin, ba sunan kamfani ba. Mutane da yawa sun ɗauka wannan shi ne "maganin gwamnati" marar ƙarfi, mai tsada shi ne na gaske. Idan magani ya cika ƙa'idar NAFDAC, sinadari ɗaya ne, aiki ɗaya ne. Sai dai tsoron jama'a ba daga sama ya faɗo ba. Ƙasar da ta daɗe tana fama da jabun magunguna, wanda ya taɓa shan ƙwayar da ba ta yi masa komai ba zai riƙe sunan da ya sani. Shi ya sa matakai irin na mayar da dillalan magani na Sabon Gari a Kano zuwa cibiyar Dangwauro a 2024, inda ake iya sa ido, suna da alaƙa da inshora fiye da yadda ake zato. Sai mutane sun yarda da mai arha kafin asusu ya iya ciyar da kowa.

Gana ta riga mu shiga wannan ramin. A can magani ya kai ya cinye kusan rabin kuɗin da asibitoci ke nema daga asusu, biyan bashi ya riƙa jinkiri na watanni, wasu asibitoci suka koma karɓar kuɗi a hannun masu kati. Sun gwada tsarin kuɗin-kai a yankin Ashanti daga 2012, asibitoci suka yi ta kukan kuɗin bai kai ba, jama'a suka ƙi shi, aka dakatar a 2017. Su sun gudu daga biya gwargwadon aiki saboda yana kumbura lissafi, suka tarar kuɗin-kai yana ƙuntata wa marar lafiya idan an yanke shi ƙasa.

A ganina abu biyu ne suka fi gaggawa. Na ɗaya, kada a sake barin farashi ya yi shekara goma sha biyu a wuri ɗaya. A sa shi a ƙa'ida cewa kowace shekara za a duba shi tare da farashin magani. Magungunan ciwon da ba ya warkewa kuma a ware su daga kuɗin-kai, hukuma ta saye su da yawa kai tsaye daga masana'anta a farashin sari, don kada mai hawan jini ya zama nauyin da asibiti ke gudu. Na biyu, a buɗe littafi. Hukumomin tarayya da na jihohi sun iya sanar da adadin waɗanda suka yi rajista, kuma kowane gwamna na son wannan alƙalamin. Abin da ma'aikacin da ake cire wa kuɗi ya cancanci gani shi ne: cikin masu kati nawa suka je asibiti a bara, waɗanne magunguna goma ne suka fi cin kuɗi, cikin takardu ɗari da likita ya rubuta nawa aka cika a tagar asibiti, kuma kwana nawa ake ɗauka kafin a biya asibiti. Yanzu da rajista ke komawa kwamfuta ana haɗa ta da lambar NIN, babu uzurin cewa ba za a iya tattarawa ba. Ƙungiyoyin ƙwadago da na malamai, waɗanda mambobinsu ne ke zuba kuɗin, su ya fi dacewa su nemi wannan a rubuce.

Kafin nan, mai kati yana da 'yan abubuwan da zai iya. Idan an ce babu magani, ya nemi a rubuta a jikin takardarsa cewa babu, ya ajiye rasidin abin da ya saya a waje, ya kai ƙorafi ofishin hukumar ko kamfaninsa, don akwai waɗanda aka mayar wa kuɗinsu ta wannan hanya. Yana da damar canza asibiti. Ya kuma tambayi likita ko akwai wani magani a cikin jerin da zai yi aiki iri ɗaya.

Ranar nan mun tsallaka titi muka shiga kemis. Baffa ya tambayi kuɗin na wata guda, ya ji, ya ce a ba shi na kwana goma. A hanya na tambaye shi sauran kwana ashirin fa. Ya ce yakan sha yau ya tsallake gobe, in ya ji kansa ya yi nauyi sai ya koma kullum. Na ce, "Baffa, hawan jini ai ba ya sallama, shanyewar ɓarin jiki daga irin haka take zuwa." Ya ce ya sani, likita ma ya faɗa masa. Muka koma na cika masa na watan. Da wata ya zagayo ya sake zuwa tagar, ya samu na hawan jinin, na sugan bai zo ba.